Hajiya ta sa an daina ba ta maganin asibiti, ga farfaɗiyar ta dawo

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Anguwar Rogo, nan cikin Jos. 'Yata ta fari shekararta biyar. Na sha doguwar naƙuda a gida kafin a kai ni asibiti, da aka haife ta kuma ba ta yi kuka da wuri ba. Ta yi jinkirin zama da tafiya. Har yanzu hannunta na dama a dunƙule yake, ƙafar dama kuma a kan yatsu take taka ta. Tana shekara uku ta fara faɗuwa: ido ya juye, jiki ya sandare, ta yi ta jijjiga, kumfa na fita ta baki. A asibiti suka ce farfaɗiya ce, suka ɗora ta a kan magani, suka ce mu riƙa kai ta gashin ƙashi. Ta yi wata biyar ba ta faɗi ba. Sai uwar mijina, Hajiya, ta ce maganin ne ke sa ta barci da mutuwar jiki, zai daskarar mata da ƙwaƙwalwa, kuma wannan aikin iska ne, asibiti ba su san kansa ba. Aka tsayar da maganin, aka koma hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Yanzu kusan duk mako sai ta faɗi, ran nan saura ƙiris ta faɗa kan murhu. Malamin Islamiyya ya ce ta zauna a gida tukuna, maƙwabta sun janye 'ya'yansu. Maigida ya ce ya gaji da kashe kuɗin da ba ya ganin ƙarshensa, a dangi kuma ana raɗe-raɗin daga wajenmu ciwon ya fito. Akwai ragowar maganin a ɗakina. In ci gaba da ba ta a ɓoye? Gashin nan kuma yana da amfani kuwa, ko ɓarnar kuɗin mota ce?

Uwa mai damuwa, Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yarinyar nan lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Ragowar maganin da ke ɗakinki kada ki ba ta. Ki saka shi a jaka, ki ɗauki yarinya, ku koma asibiti cikin makon nan. Maganin farfaɗiya na yara da nauyin jikinsu ake auna shi, 'yarki kuwa ta ƙara girma tun lokacin da aka rubuta mata wancan, don haka adadin da ya riƙe ta a da ba lallai ya riƙe ta yanzu ba. Wasu magungunan kuma in an daɗe da barinsu ba a komawa kansu gaba ɗaya, da kaɗan ake farawa ana ƙarawa. In na ruwa ne, kwalbar da aka buɗe watanni da suka wuce ma ba abin dogaro ba ce. Sannan ki duba yadda bayarwa a ɓoye za ta kasance: ranar da Hajiya ke gidan ki tsallake, ranar da aka tafi da yarinyar biki ki tsallake, ga jiƙon da ba wanda ya san abin da ke ciki ana ɗura mata a kai. Maganin da ake sha yau a bari gobe ba ya riƙe farfaɗiya. Abin da 'yarki ke buƙata shi ne maganin da duk gidan ya san da shi, ya san lokacinsa, har in kin fita wani ya ba ta.

Kina da hujja a hannunki wadda ba kowace uwa ke da ita ba, ita ce wata biyar ɗin nan. Tana shan magani ba ta faɗi ba, aka tsayar ta koma faɗuwa duk mako. Kowa a gidanku ya gani da idonsa. A kan wannan za ki kafa maganarki, ba sai kin yi jayayya da kowa a kan iska ba.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. Ƙwaƙwalwa da wani ɗan ƙaramin lantarki take aika saƙo zuwa gaɓoɓi. In wani sashe nata ya samu rauni, wani lokaci sai lantarkin wurin ya rikice ya tashi gaba ɗaya, kamar yadda wayoyin wuta ke haɗuwa su yi tartsatsi, sai jiki ya sandare ya kama jijjiga, in abin ya lafa ta dawo hayyacinta. Labarin da kika bayar na doguwar naƙuda da rashin kuka da wuri ya yi kama da na jaririn da iskar numfashi ba ta isa ƙwaƙwalwarsa yadda ya kamata ba a lokacin haihuwa. Tabon da wannan ke bari shi ke iya dunƙule hannu ya ɗage ƙafa, shi ne kuma ke iya kawo farfaɗiya daga baya. Kusan ɗaya cikin uku na yaran da ke da irin wannan lalura ta gaɓoɓi suna haɗawa da farfaɗiya. Likitan da ya duba ta shi zai tabbatar miki, amma ga dukkan alamu ciwo biyun nan tushensu ɗaya. Shawara mai tsanani a kwanakin farko na jariri, sanƙarau, maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, da buguwa a kai, duk suna barin irin wannan tabo a wasu yaran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Ta ce har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gano ciwon daidai an ba su maganin da ya dace. Ba zan ɓoye miki ba, yaran da farfaɗiyarsu ta samo asali daga rauni a ƙwaƙwalwa sukan fi daɗewa a kan magani, wasu sai an haɗa musu kala biyu. A bisa al'ada likita yakan fara tunanin rage magani ne bayan yaro ya yi shekara biyu cur bai faɗi ba, a hankali yake janyewa cikin watanni, kuma a irin yanayin 'yarki yana iya cewa a ƙara lokaci. Ki shiga da wannan sanin don kada zuciyarki ta karye a hanya. Amma yarinyar da magani ɗaya ya riƙe wata biyar, alamarta mai kyau ce ƙwarai.

Maganar barci kuwa, Hajiya ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Magungunan nan kowanne da halinsa. Phenobarbitone, wanda ya fi araha, yana sa wasu yara barci, wasu kuma ya sa su ƙiriniya da rashin zama wuri ɗaya. Carbamazepine, wanda aka fi sani da Tegretol, yana kawo jiri da barci musamman a makonnin farko. Sodium valproate, wato Epilim, yana buɗe ciki ya sa ƙiba, wani lokaci gashin kai ya riƙa zuba. Levetiracetam, wato Keppra, ya fi tsada, yakan sa wasu yara saurin fushi. Yawancin wannan yana raguwa in jiki ya saba, in bai ragu ba akan gyara adadin, ko a mayar da kaso mafi yawa zuwa dare, ko a canza wani. Inda aka kuskure shi ne da aka ga barcin ba a koma an gaya wa likita ba, aka yanke maganin rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya na iya tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, irin wadda ke kai yaro ɗakin gaggawa, wani lokaci ta tafi da rai. Ita wannan doguwar jijjigar, da faɗuwa a kai a kai ana buga kai da ƙasa, su ne abin tsoro ga ƙwaƙwalwar da Hajiya ke son karewa.

Alamu biyu ne ba a jira ranar ganin likita a kansu. In ƙuraje suka feso mata bayan fara sabon magani, musamman da zazzaɓi ko gyambo a baki da ido, a kai ta asibiti a ranar. Haka in idonta ya yi ɗorawa, ko ta kama amai da ciwon ciki mai tsanani. In kuma Epilim aka ba ta, ki riƙe a ranki cewa in ta fara zama budurwa sai an sake zama da likita, domin yana iya cutar da ɗan da ke ciki in mace ta ɗauki juna biyu tana shan sa. Da sauran lokaci, amma gara ki sani tun yanzu.

Yanzu ga batun da na san shi ya fi ci miki tuwo a ƙwarya, wato yadda za ki ɓullo wa Hajiya da maigida. Kada ki tunkari Hajiya da kanki ki ce ta yi kuskure. Suruka ba ta karɓar gyara daga bakin matar ɗanta a gaban jama'a, ko da ta san gaskiya ce. Ta wajen ɗanta za ki bi. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ki tuna masa wata biyar ɗin, ki tuna masa ranar murhu, ki ce abu ɗaya kike roƙo: ya raka ku asibiti sau ɗaya ya ji da kunnensa. Maza da yawa kuɗin mota kawai suke bayarwa, labarin asibiti a bakin mace suke ji, shi ya sa suke ganin kamar rami ne ake zuba kuɗi. In ya zauna gaban likita ya tambayi tsawon lokacin da za a ɗauka da abin da za a riƙa kashewa a wata, lissafin zai zauna masa. Ku kuma haɗa kuɗin da hayaƙi da jiƙo da sadakar masu magani suka ci tun da aka bar asibiti, ya gani a rubuce. In da hali a tafi da Hajiya ita ma. Ki ce mata, "Hajiya, ke kika fara lura da barcin nan, zo ki faɗa wa likita da bakinki don ya gyara." Kin girmama ta, kuma gaskiya kika faɗa. In abin ya ci tura, ki nemi babban da take jin nauyinsa, wanta ko malamin da take ganin girmansa.

Addu'a kuwa ba wanda ya hana. A yi mata tofi safe da yamma, a karanta mata abin da ya sawwaƙa, a yi sadaka. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, neman magani a asibiti yana cikin wannan. Abin da za ki tsaya a kai ki hana, cikin ladabi amma ba ja da baya, shi ne turnuƙe ta da hayaƙi, da tsaga, da ɗura mata jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba. Hayaƙi na cutar da huhun yaro, jiƙo kuma yana iya karo da maganin asibiti ko ya taɓa hanta. Wanda aka riga aka ba ta, ki faɗa wa likita duka, kada kunya ta sa ki rage. Sun saba jin irinsa kullum.

A nan Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da likitocin yara masu kula da ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yana kuma da sashen gashin ƙashi. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, akwai kuma Jankwano, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. In inda kuka fara zuwa babu likitan wannan fanni, ki roƙi takardar turawa. Ki tafi da tsohon kati da kwalbar maganin. Abin da ya fi komai taimakon likita shi ne bidiyo: in ta faɗi, ke ki kula da ita, wani ya ɗauka da waya tun daga farko, a nuna fuska da hannuwa da ƙafafu. Farfaɗiya kala-kala ce, akwai mai farawa daga hannu ɗaya ta bazu, akwai wadda yaro zai tsaya cak ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu ya ci gaba da wasa, kuma maganin da ke wa wata aiki yana iya tsananta wata. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da ta faɗi, ƙarfe nawa, minti nawa ta yi, da zazzaɓi ko babu, ta sha magani ko an manta. Za su iya tura ku gwajin EEG, inda ake manna 'yan wayoyi a fatar kai a ɗauki motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba zafi, ba kuma wuta ake sa mata ba, ki faɗa wa Hajiya haka tun kafin ta ga wayoyin ta tsorata. Gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan. In an ambaci hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuma aljihu bai kai ba, ki tambaya ko zai iya jira. Sau da yawa ana fara magani kafin a yi shi.

Kafin ranar asibiti, kowa a gidan ya koyi abin da zai yi in ta faɗi, har yaran da suka yi wayo. A janye duk abin da zai ji mata ciwo, a sa zani ko filo a ƙarƙashin kanta, a sassauta wuyan riga, a juya ta ta kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo waje. A duba agogo. Ba a danne ta, ba a sa mata cokali ko yatsa ko tsumma a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin nan kuwa haƙora yake karyawa ya yaga dasashi. Ba a sheƙa mata ruwa, ba a matsa albasa a ido, ba a ɗura manja ko wani abu a baki, don huhu zai wuce. Ba a kai ƙafarta kusa da wuta wai don ta farfaɗo. Yawanci cikin minti ɗaya zuwa uku abin ke lafawa da kansa. Bayan nan za ta yi laushi, wataƙila ta yi fitsari a jiki, ta yi barci mai nauyi. A rufe ta, a sallami 'yan kallo, kada a ba ta ruwa ko abinci sai ta farka sosai ta gane mutane. Amma in jijjigar ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake wata kafin ta farfaɗo daga ta farko, ko numfashinta bai daidaita ba, ko ta ji mummunan rauni, a tari keke a nufi asibiti mafi kusa. Ki tambayi likita ko zai ba ki maganin gaggawa da ake matsawa ta dubura, ya nuna miki yadda ake yi, ki ajiye shi inda kowa ya sani.

Maganar murhu ta tsaya mini a rai, domin garinmu garin sanyi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane gida da kaskon gawayi, yara sun kewaye shi, ga tukunyar ruwan wanka na tafasa a tsakar gida tun asuba. Ƙuna na cikin manyan raunukan da masu farfaɗiya ke samu a ƙasar nan. Ki ƙara mata rigar sanyi da safa, ta zauna nesa da wuta, kada a aike ta kicin. Ruwan wanka a sirka shi kafin a kira ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai da baho ko bokiti cike, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗi da fuska a ciki. Rijiyar gida a yi mata murfi mai kwaɗo. In kun je wajen 'yan uwa ta Bukuru ko Rayfield, inda tsofaffin kududdufan haƙar kuza suke, kada ta bi yara wajen ruwa. Ta kwana a katifa a ƙasa, ƙarƙashin gidan sauro. Zazzaɓi, rashin barci da tsallake magani su ne suka fi tayar da ciwon, don haka jikinta na yin zafi a auna maleriya, kada a jira kwana biyu.

Sai gashi. Kin tambaya ko ɓarnar kuɗin mota ce. A'a. Maganin farfaɗiya ba zai buɗe hannun nan ba, gashi kuma ba zai hana faɗuwa ba, kowanne da aikinsa. Raunin da ke ƙwaƙwalwarta ba ya ƙaruwa, amma jijiyar da ta ɗaure tana ƙara gajarta yayin da ƙashi ke tsawo. Ƙafar da ake takawa a kan yatsu yau, in an ƙyale ta, agarar za ta ƙage har diddige ya kasa taɓa ƙasa ko an danna, daga nan sai maganar tiyata. Hannun da ba a amfani da shi kuma yaro mantawa yake da shi, ya bar wa ɗayan komai. Shekara biyar lokaci ne mai kyau, ƙwaƙwalwar yaro na iya koyon sababbin hanyoyi fiye da ta babba. Kuma tunda tana tafiya da ƙafarta, an ci rabin yaƙin.

Abin da iyaye da yawa ba a yi musu bayani ba shi ne rabin awar da ake yi a asibiti darasi ne ake koya wa uwa, aikin kansa a gida yake. In kun je kada ki zauna a benci kina jira a miƙo miki ita. Ki shiga, ki sa hannu, ki ce mai gashin ya kama hannunki ya nuna miki inda ake riƙewa da inda ake tsayawa, ki ɗauka a waya. Miƙar agara misali: tana kwance, gwiwa a miƙe, tafin hannunki ya tallafe diddige, damtsenki ya tura tafin ƙafar sama a hankali, ki riƙe kamar rabin minti, ki saki, ki maimaita. Ba fizga, ba a kai ta ga kuka. Bayan wanka da ruwan ɗumi jiki ya fi sakewa. Hannu kuwa da wasa da aikin gida ake kama shi. Ki ba ta kofi mai hannu biyu. In kina kwaɓa fulawa ki yanko mata ta murza da tafi biyu. Ta riƙe kwano da hannun dama tana tsince wake da na hagu, gobe a juya. Ta matse soso, ta yaga takarda, ta tura ƙwallo. Duk abin da za ki miƙa mata ki miƙa ta ɓangaren dama. Wasu masu gashi sukan sa a rufe hannun mai lafiya da safa na ɗan lokaci a rana don a tilasta wa ɗayan aiki, amma wannan sai da tsarinsu. Za su iya auna mata takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake canzawa in ta girma. Ci gaban a hankali yake zuwa, ke da kike tare da ita kullum ba za ki lura ba. Ki ɗauki bidiyonta tana tafiya da ɗaukar abu a farkon kowane wata, bayan wata shida ki jera wa babanta ya kalla. Wataƙila hannun ba zai zama daidai da ɗan'uwansa ba, amma hannun da ke riƙe littafi, ya ɗaura zani, ya taya ɗayan wanki, ya canza rayuwar mace gaba ɗaya.

Ki kiyaye ta daga gashin gida na tawul da tafasasshen ruwa, da masu jan gaɓa da ƙarfi wai a warware jijiya. Ba targaɗe ba ne, ba karaya ba ce, ja da ƙarfi ƙara ɗaurewa yake sa jijiyar ta yi. Na san Lamingo ba nan kusa ba ce daga Anguwar Rogo. Ki faɗa musu gaskiyar abin da za ki iya, in sau biyu a wata ne, su tsara miki aikin gida a kan haka, ko su tura ki inda ya fi kusa. In maganarta ma tana baya, ki ambata, akwai masu koyar da magana.

Makaranta kuma ta koma. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ko ta yawu, ko ta kumfa, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Malamin nan tsoro ne ya kama shi, bai san abin da zai yi ba in ta faɗi a gabansa. Da zarar magani ya fara kama ta, babanta ya je ya same shi da takardar likita, ya koya masa abin da na zayyana a sama, ya bar masa lambar waya. Ya kuma tuna masa matar nan da ke cikin Bukhari da Muslim, wadda ta zo wa Annabi (SAW) ta ce tana faɗuwa har jikinta na buɗewa, wadda Ibn Abbas ya nuna wa almajirinsa ya ce ga mace 'yar Aljanna. A cikin jama'a take rayuwarta. Ta fuskar hukuma ma, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin karatu ba tare da tsangwama ba, kuma Jihar Filato na da hukumarta ta kare haƙƙinsu. In an sa ta boko aka ga karatun na yi mata nauyi, Jami'ar Jos na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman da ya daɗe yana horar da malamai, za a samu wanda zai auna ta ya ba da shawara. Maƙwabta kuwa, in sun ga kina goge mata baki da hannunki, ƙannenta na ci tare da ita ba abin da ya same su, za su dawo da kansu. Ki fara da mace ɗaya mai hankali a layinku, ki yi mata bayani, ita za ta isar wa saura.

Kan kuɗi, kada ki ji nauyin ce wa likita ga abin da maigida zai iya a wata. Gara magani mai araha da ba zai yanke ba da mai tsada da za a sha mako biyu a rasa na ci gaba. Ki riƙa sayen sabo tun saura na mako guda, a kantin maganin asibiti ko babban kantin da ke da rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada mai kemis ya canza miki wani da sunan duk ɗaya ne. Ki sa ƙararrawa a waya, ko ki ɗaura shi da sallar asuba da ta magariba in sau biyu ne a rana. In an manta aka tuna da wuri a ba ta, in lokacin na gaba ya kusa kada a ninka. Ku je ofishin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ku tambayi tsarin masu sana'ar hannu da na marasa ƙarfi, da abin da ya ƙunsa. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin walwalar marasa lafiya, ki nemi a nuna miki.

Raɗe-raɗin dangi kada ya hana ki barci. Akwai farfaɗiyar da ke bin jini, amma wadda ta biyo bayan wahalar haihuwa ba gadon gidan kowa ba ce, kuma macen da ke durƙushe tana naƙuda ba ita ke yanke lokacin da za a nemo mota ba. Abin da ke hannunku shi ne na gaba. In Allah Ya kawo wani cikin, ki fara awo da wuri, ki gaya musu yadda haihuwar farko ta kasance, ku ajiye kuɗin mota da lambar direba tun wata na bakwai, a haihu a asibiti. A duba idon jariri da fatarsa a hasken rana cikin makon farko, in an ga ɗorawa a koma a ranar, a kuma cika masa rigakafi.

Ke ma jikinki na da haƙƙi a kanki. Ki zaɓi mutum ɗaya, ƙanwarki ko wata da kika yarda da ita a gidan, ki koya mata lokacin magani, juyawa a gefe da miƙar ƙafa, har ta iya ba tare da kina tsaye ba, don ki samu ranar da za ki je unguwa ko ki yi barcin rana. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini sunan maganin da aka ba ta da abin da likita ya ce game da gashin.